Alhaji Alhassan Ɗantata (1877–1955): Daga Huhun Goro Zuwa Dalar Gyaɗa

Duk wanda ya san birnin Kano ya san Kasuwar Kurmi, wadda Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa a gefen Jakara. Shekaru fiye da ɗari huɗu ita ce cibiyar cinikin ƙasar Hausa. Nan ayarin Larabawa na Turabulus da Gadamus yake sauke kaya, nan Buzaye suke kawo gishiri da kanwa, nan kuma fataken Gwanja suke kwance huhunan goro bayan tafiyar watanni. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ya zo Kano cikin 1851, ya kuwa yi mamakin yawan tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar, ana kai su har Tambutu. Amma Kurmi ba wurin saye da sayarwa kaɗai ba ce. Makaranta ce wadda ba ta da allo, inda yaro yake koyon ƙirga, da sanin kaya, da sanin mutane, da riƙon amana. A cikin waɗanda irin wannan tarbiyya ta fatauci ta fitar, babu wanda sunansa ya kai na Alhaji Alhassan Ɗantata nisa.

Idan aka ambaci Ɗantata, abin da yake fara zuwa bakin mutane shi ne arziki, watau rabo da sa'a. Gaskiya ne rabo na Allah ne. Sai dai wanda ya bi tarihin mutumin nan daki-daki zai tarar cewa kafin ya taɓa buhun gyaɗa ko guda, ya shafe shekaru wajen ashirin yana maimaita aiki ɗaya, yana gyara shi, a kan hanya mai wuya wadda kuskure kaɗan yake cinye jarin mutum.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Alhassan a Bebeji cikin 1877. Mahaifinsa Abdullahi Ba'agale ne, kuma madugu. Agalawa dai wata al'umma ce ta fatake waɗanda kakanninsu suka gangaro daga arewa, daga wajen ƙasar Buzaye, suka zauna a ƙauyukan Katsina da Kano, suka zama Hausawa. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe cinikin goro a ƙarni na 19. Kakansa, Baba Talatin, shi ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina zuwa Madobi, daga baya Abdullahi ya koma Bebeji, wadda take zango ce a kan hanyar fatake ta kudu. Mahaifiyar Alhassan, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta.

Yana da shekara takwas ko kusa da haka mahaifinsa ya rasu. Aka raba gado, gida ya watse, Amarya ta tafi Ankara, can bakin teku a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa ne aka sami Ɗantata. Abin lura ne cewa sunan da ya zama alamar dukiya a Afirka ta Yamma duka, sunan baiwa ne wadda ba ta mallaki ko kanta ba.

Gadon da ya samu bai yi albarka ba. Ya shiga makarantar allo a Bebeji, ya yi zaman almajirci irin na kowa, yana neman abin da zai ci da hannunsa. Masu ba da tarihinsa sun haɗu a kan cewa tun a nan ya kama ɗabi'ar tanadi, yana jefa abin da ya samu a asusu maimakon ya kashe. Da ya kai wajen shekara 15 sai ya bi wani ayari mai zuwa Gwanja don ya ga mahaifiyarsa. Ya sayi ɗan kaya a Bebeji, ya sayar da wasu a hanya, sauran a Ankara. In ya tafi da tsammanin uwa mai dukiya za ta ɗauke masa wahala, to bai samu ba, domin hannun wani malami ta damƙa shi, ya ci gaba da karatu da aikin ƙarfi har lokacin komowarsa.

Makarantar goro

Ya kamata a tsaya a nan a dubi abin da ake nufi da fataucin Gwanja, domin a cikinsa aka ƙera mutumin. Ayari yakan tashi daga ƙasar Kano da jakuna da takarkarai da 'yan alaro, ɗauke da kanwa da baƙaƙen tufafi na rini da jan fata. Sai ya bi yamma ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi, har ya kai Salga, babbar kasuwar goro ta Gwanja. Zuwa da komowa yakan ci wata shida, wani lokaci har shekara. A hanya akwai 'yan fashi, akwai kuɗin fito a bakin kogi, akwai sarakunan da kowannensu yake jiran gaisuwarsa kafin ya bari a wuce.

Shi kuwa goro ba kamar gishiri ba ne, da za a ɗaure a manta da shi sai an isa. Abu ne mai rai. Ana shimfiɗa masa ganyen fita a ɗaure shi cikin huhu, kuma bayan 'yan kwanaki dole a kwance, a tsince shi ɗaya-ɗaya, a fitar da wanda sankara ta kama tun bai shafi sauran ba, a yayyafa ruwa daidai gwargwado, a sake ɗaurewa. In ruwa ya yi yawa ya ruɓe, in ya yi kaɗan ya bushe ya yamutse. Yaron falke yakan yi wannan aiki sau da yawa a tafiya guda, kowane zango, yana gaji ko ba ya gaji, har yatsunsa su riƙa gane goro mai ciwo kafin idonsa ya gani. Sa'an nan ya san goriya da marsa da minu, ya san fari da ja, ya san sabo da daushe, ya san abin da kowanne zai yi a Kurmi cikin watan da za a isa. Ana ƙirga shi ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya goro ɗari, a biya da wuri, wanda shi ma sai an zauna an ƙirga, keso guda wuri 20,000. Duk wannan lissafi a ka ake yinsa. Wanda ya yi sakaci kuwa ba ya bukatar malami ya gaya masa, ranar da aka kwance huhu a gaban dillali zai ga sakamakonsa.

Darasi na biyu shi ne na shugabanci, kuma a wurin madugu ake ɗaukarsa. Madugu ba sarki ba ne, ba wanda ya naɗa shi, ba shi da dogarai. Fatake ne suke zaɓen su bi shi saboda sun ga ya san hanya, ya san harshen sarakunanta, ya iya rage kuɗin fito, ya iya raba gardama a zango ba tare da ayari ya tsage ba. Yana da jagaba a gaba, da uban dawaki, da malamin ayari mai rubutu da addu'a, kowa da aikinsa. In ya jawo wa mutane hasara bana, baɗi sai ya waiwaya ya ga ba kowa a bayansa. Alhassan ɗan madugu ne, a cikin wannan tsari ya buɗe ido, kuma duk yadda ya tafiyar da yaransa daga baya yana da kamannin ayari.

Basasa da hanyar ruwa

Bai daɗe da komowa ba sai ƙasar Kano ta rikice. Sarki Muhammadu Bello ya rasu cikin 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi kuwa suka ƙi, suka fita Takai a ƙarƙashin Yusufu. Bayan rasuwar Yusufu, Aliyu Babba ya ja su suka ci birni cikin 1894. Agalawa da yawa suna bayan Tukur, saboda haka da aka ci su sai abin ya faɗa a kansu, aka washe dukiya, aka kama mutane. Alhassan da 'yan'uwansa suna cikin waɗanda aka kama, sai da aka biya fansa suka kuɓuta daga bauta. Yana saurayi ɗan shekara 17 ya sake komawa hannu wofi, karo na biyu ke nan.

A wannan lokaci tsohuwar hanyar Gwanja ta riga ta fara mutuwa. Tun da Ingilishi suka ƙone Kumasi cikin 1874 ikon Asante a kan Salga ya karye, yaƙin basasar Salga na 1892 ya ƙarasa kasuwar, sa'an nan Turawan Ingila da na Faransa da na Jamus suka yanyanka ƙasashen da ayari yake ratsawa, kowa ya kafa nasa kuɗin shiga. Fatake da yawa suka dage a kan hanyar iyayensu har ta cinye su. Alhassan, wanda ya riga ya ga teku da jiragen ruwa a Ankara tun yana yaro, ya juya ta kudu. Ya riƙa bi ta Badun zuwa Ikko, kuma wajen 1906 yana cikin Hausawan farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, daga nan a yi arewa da shi. Tafiyar da take cin watanni ta koma ta makonni, goro yana isowa da ɗanyensa, jari yana juyawa sau da dama a shekara maimakon sau ɗaya. Ya sa wakilai a Ankara da Kumasi da Sakwandi da Ikko, ya haɗa da cinikin duwatsun ado da yadin Turawa.

Zuwan gyaɗa

Turawa sun ci Kano cikin Fabrairu 1903, bayan sun fasa Bebeji a kan hanyarsu. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa cikin 1912. A wannan shekara ce Alhassan ya tare a birni, ya gina gida a Sarari, wani fili da yake gefen Koki, unguwar attajirai wadda ba ta da nisa da Kurmi.

Abin da Turawa suka sa rai jirgin zai kwasa shi ne auduga, don masaƙun Ingila. Amma masaƙan Kano suna sayen auduga da tsada fiye da yadda Bature zai biya, ga shi kuma a Turai an gano yadda ake daskarar da man gyaɗa a yi abin shafa wa burodi da shi, sai kuɗin gyaɗa ya tashi. Manomi ya yi lissafinsa: gyaɗa in ba a saya ba a ci, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya cikin 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, amma cikin 1913 ta haura tan 19,000, har tashar Kano ta rasa inda za ta sa buhuna.

Kamfanonin Turawa ba su san ƙauye ba, ba su jin Hausa sosai, manomi kuma bai yarda da su ba. Dole suka nemi attajiran goro. Ta hannun Sarki Abbas da Adamu Jakada aka jawo manya irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo. Alhassan ya biyo bayansu, Kamfanin Neja ya neme shi cikin 1918, amma kafin 1922 ya wuce su duka, ya zama attajirin da ya fi kowa a Kano. Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Yana da jarin kansa, ba sai ya jira na Bature ba. Ya saba da ma'amala da kamfanoni tun a bakin teku, ya san sikeli da takarda. Sa'an nan yana da abin da kuɗi ba sa saya a rana ɗaya, watau yaran da ya gwada su shekara da shekaru a kan goro, ya san wanda za a ba fam goma da wanda za a ba ɗari.

Yadda aikin yake tafiya shi ne, maigida ya ba yaransa kuɗi ko kaya, kamar gishiri da yadi, su shiga ƙauyuka tun kafin kaka, su kuma su raba wa nasu yaran, har abin ya kai ga manomi. Da kaka ta yi sai gyaɗa ta biyo wannan hanya ta komo, a kan jakuna da raƙuma, daga baya a motoci. Babu wata takardar yarjejeniya da take riƙe da wannan sarƙa sai amana da lissafi. Wanda ya cika alkawari a ƙara masa jari baɗi, a yi masa aure, wani ma a biya masa Makka. Wanda ya ci amana kuwa labarinsa ya riga shi isa Kurmi, ba mai sake ba shi ko ƙwarya guda. Aikin tsince goro ne aka mayar kan mutane.

An san shi da sauƙin ci da sauƙin tufafi, da zama a kan lissafinsa da kansa ko da dukiya ta yi yawa. Kuma bai taɓa zuba jarinsa duka a gyaɗa ba, ya riƙe goro da shanu da yadi da hatsi. Wannan ne ya tsare shi sa'ad da kasuwar gyaɗa ta faɗi cikin 1921, da kuma lokacin karayar cinikin duniya na shekarun 1930, wanda ya durƙusar da attajirai da dama. Cikin 1929, shekarar da Kamfanin Neja ya haɗu da wani aka sami U.A.C., ya kai ajiya bankin Turawa na Kano, kuma labarin da ya shahara shi ne kuɗin azurfa ne kayan raƙumi 20. A lokacin yawancin attajirai a ƙasa suke binne kuɗinsu, suna ƙyamar banki saboda riba.

Ba daidai ba ne a faɗi wannan duka a yi shiru a kan ɗaya gefen. Tsarin ba da kuɗi kafin kaka ya sa manoma da yawa sun sayar da amfaninsu tun yana gona a kan kuɗi kaɗan, suka shiga bashin da ba ya ƙarewa, kuma yunwar Kakalaba ta 1914 ta zo ne daidai lokacin da gyaɗa ta fara cin gonakin hatsi, ko da yake fari ne babban sanadinta. Kaso mafi tsoka na ribar kuwa ba Koki ya tsaya ba, Ingila ya tafi. Shi kansa Ɗantata, da duk ƙarfinsa, ɗan tsakiya ne a hannun kamfani. Ya nemi izinin fitar da gyaɗa waje da kansa cikin 1940 aka hana shi, kuma sai a kakar 1953 zuwa 1954 ya sami lasin na saya wa hukumar cinikin gyaɗa kai tsaye, daidai da Turawa da Kwarori, alhali ya fi shekara 30 a cikin sana'ar. Ana iya cewa ya iya zama da mai ƙarfi ne, irin zaman da madugu yake yi da sarkin da ya tare hanya: a biya fito a wuce da kaya.

Akwai kuma wani abin da ya shafi Kurmi kanta. Cinikin gyaɗa ba a cikin ganuwa aka yi shi ba. Sikeli da kantuna da rumbuna duk suna waje, kusa da tashar jirgi, can wajen Fagge da filayen da suke gabas da birni. Nan aka riƙa jera buhuna ana tayar da dalar gyaɗa, wadda mutane suke danganta farkonta da Ɗantata, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu da jirgi ya kasa kwashe amfanin shekara kafin wata ta zo. Haka ƙarfin ciniki ya fita daga tsohuwar kasuwa a hankali, kuma 'ya'yan da ta horar da kansu ne suka ja shi waje.

Ƙarshen rayuwarsa

Ya yi aikin hajji ta jirgin ruwa a farkon shekarun 1920, lokacin da mafi yawan alhazai a ƙasa suke tafiya ta Sudan suna shekaru a hanya. Ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya ne. 'Ya'yansa ya haɗa musu karatun addini da na boko, ya kuma sa su cikin aiki tun suna samari, ana tura su ƙauyuka sayen gyaɗa kamar sauran yara. Wajen 1950 ya haɗu da wasu attajiran Kano suka kafa kamfanin 'yan ƙasa wanda ya gina masaƙar zamani a Kano, kuma ya zauna a majalisar Sarki yana ba da shawara a kan sha'anin kasuwa.

Da ciwo ya kama shi cikin 1955, abin da ya fi damunsa shi ne abin da ya gani da idonsa yana ɗan shekara takwas, watau yadda rabon gado yake watsa gidan attajiri. Al'adar ƙasar Hausa ce dukiyar falke ta mutu tare da shi. Saboda haka ya tara 'ya'yansa da manyan ma'aikatansa ya yi musu wasiyya kada su raba harkar, su ci gaba da ita a haɗe da sunan Alhassan Ɗantata da 'Ya'yansa. Ya rasu ran 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari.

Ahmadu ne ya fara riƙe kamfanin har rasuwarsa cikin 1960, sa'an nan Aminu ya karɓa. Sanusi ya yi nasa suna a gyaɗa da sufuri, Mamuda kuma a jigilar alhazai, kuma daga sunan kamfaninsa ne unguwar Wapa ta Fagge ta sami sunanta. Dalar gyaɗa ta ɓace bayan farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa cikin 1975, lokacin da hankalin gwamnati ya riga ya koma kan man fetur. Aminu ya rasu cikin Yuni 2025 aka binne shi a Madina, Aliko Ɗangote kuwa jikan Sanusi ne ta wajen uwa. Babbar kasuwar goro ta Kano tana Mariri, a kan hanyar Maiduguri, Kurmi kuma ta zama wurin dukawa da masu littattafai da kayan yaji da duwatsun ado.